Nuna Goma

Lahadi da yamma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyali. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma kunnen? Ka gaida min matarmu, ka ce mijinta na gaske yana nan yana jira, ta ƙara haƙuri da tsohon da aka liƙa mata. Na so in buga maka waya, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon: ina kwarara ihu har maƙwabta suka leƙo, kai kuma kana cewa in ɗaga murya. Tunda ƙarar masana'anta ta cinye maka kunne, mu koma wa biro da takarda.

Albishirinka. Ɗanmu Dogo ya samu aikin nan da na daɗe ina yi masa fafutuka. An sa shi a sito yana jera kaya. Ba wani babban matsayi ba ne, amma ƙafa ta shiga, ga kuma matarsa da juna biyu, ka ga ai an dace. Tare muke cin abincin rana, kuma wallahi ci irin naka ya gado.

Ka tambaye ni labarin Giwa. Tana nan yadda ka bar ta, injin ba ya tsufa, mu ne muka tsufa. Duk sanda na dubi bakin nan nata sai na tuna ranar da ta raba ka da yatsu uku. Har yau ita ke matse ƙofofin firji. Abokin aikinmu Bahago yana wancan ɓangaren, ya zura fallen ƙarfe ya daidaita shi da hannu, ni kuma ina wannan ɓangaren, in taka feda ta sauko, in zare ƙofa. Ba mu kuma bar nuna goma ba. Abin da ka koya mana ranar da ka zo yi mana sallama da hannu a naɗe, shi muke yi shekara goma sha tara: mai zura ƙarfe ya ɗaga hannuwansa biyu a buɗe, mai feda ya ga yatsu goma da idonsa, sannan ya taka. Tun daga ranar Giwa ba ta ƙara ɗanɗana jinin kowa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mun yi baƙo. Ranar Talata aka sauke wani ƙaton akwatin katako daga babbar mota, da aka ɓalle shi sai ga mutum-mutumi. Ba irin hannun ƙarfen nan na sashen fenti ba, mai yin abu ɗaya tun safe har yamma. Wannan a tsaye yake, ya fi Dogo tsawo, hannuwa biyu, yatsu biyar-biyar, inda ya kamata a ga fuska kuma sai baƙin gilashi. Wata injiniya ce ta zo da shi, yarinya mai tabarau, mai ladabi, Baba take ce min. Ta tara mu ta yi bayani cewa shi ba sai an ba shi umarni ba, kallo yake yi ya koya kamar ɗan koyo. Ta ce ba korar kowa ya zo yi ba, sauƙaƙa mana aiki zai yi. Manaja yana gefe yana ta gyaɗa kai, amma bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Cikin mutum ɗari biyu ni aka zaɓa in koya masa, wai babu hannu mai tsabta kamar nawa a kan Giwa. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Maiɗakina ta ce tun ranar tafiyata ma ta canja. Abokan aiki sun raɗa masa suna Baƙo, suna cewa baƙo ai raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Na taya su dariya. Sai dai da aka tashi aiki na koma ɗaukar hulata, na same shi tsaye shi kaɗai a kusurwa. An ce a kashe yake, amma na rantse gilashin nan ya bi ni har ƙofa.

Ka sa mu a addu'a. Maiɗakina da yara suna gaishe ku.

Ƙaninka,
Auta


Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Takardarka ta iso, na ji daɗi da ciwon bayan ya yi sauƙi. Saƙon matarmu ma ya iso. Ka ce mata na ji, ni ne tsohon ba kai ba, Allah ya huci zuciyarta.

Sati shida na yi ina koyar da Baƙo, jiya aka gama. Kullum da safe Injiniya takan sa min wata riga mai wayoyi da safar hannu mai ɗigo-ɗigo. An kafa kyamara huɗu a kan Giwa, shi kuma a tsayar da shi a bayana. Ba ya tambaya, ba ya tari, ba ya neman ruwa. Na koyar da mutane da yawa a wurin nan, ban taɓa koyar da wanda shirunsa ke tayar min da tsigar jiki ba.

Akwai abin da muka yi, ban san ko za ka yaba ba. Ana gobe za a fara, mu tsofaffin ma'aikata muka taru bayan sito lokacin hutun rana. Muka yanke shawara za a nuna masa aiki, amma ba za a ba shi sirrin sana'a ba. Bahago ne ya kawo maganar nuna goma. Ya ce wannan namu ne, da yatsunka aka saye shi, ba za a miƙa wa ƙarfe a banza ba. Kowa ya amince. Ni kuma ina da wani dalilin nawa daban na son kada Injiniya ta ga muna ɗaga hannu, amma ba yau zan rubuta shi ba.

Don haka sati shida cur ni da Bahago muka yi aiki babu nuna goma. Kada hankalinka ya tashi. Shekara goma sha tara muna fuskantar juna, numfashinsa ma na sani. Ƙidaya nake yi a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, in taka, shi kuma ya riga ya janye. Sai ma aikin ya ƙara sauri, muka shiga nuna bajinta, wai kyamara ta shaida ɗan Adam ba kanwar lasa ba ne. Injiniya har tafa mana ta yi. Mu kuwa muna ƙyafta wa juna ido, a ganinmu mun yi wayo.

Jiya aka gwada shi. Ya tsaya daidai inda nake tsayawa, inda takalmina ya cinye siminti. Yaya, ka san yadda nake sauke kafaɗar hagu kafin in taka feda, tun da gwiwar nan ta fara damuna? Maiɗakina takan kwaikwaye ni in tana jin tsokana. To shi ma sai ya sauke kafaɗar hagu, sannan ya taka. Ba shi da gwiwa mai ciwo, amma ya sauke. Wuri ya kaure da dariya, ana cewa Auta ya haihu. Ni na kasa dariyar. Ban taɓa ganin kaina daga baya ba sai jiya, kuma abin bai yi min daɗi ba.

Na ƙirga masa a zuci. A kan huɗu ya taka, ba ƙari ba ragi. Bai ɗaga kai ya dubi wancan ɓangaren ba ko sau ɗaya, don bai taɓa ganin malaminsa ya duba ba.

Dogo yana lafiya, yana gaishe ka. A gaida kowa da kowa.

Naka,
Auta


Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya jikin, ya mutanen gida. Ka yi haƙuri da shirun wata biyu. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Raɓar nan ba ta bushe ba. An sallami mutum talatin da ɗaya, har da Bahago. Ko taro ba a kira ba, da safe suka zo katinsu ya ƙi buɗe ƙofa, mai gadi ne ya riƙa miƙa musu ambulan yana sunkuyar da kai. Ni an mai da ni teburin duba kaya. In ɗaga ƙofar firji in duba ko ta lotse ko ta karce, in rubuta a takarda laifin wane ne. Daga teburin ina hango Giwa sarai.

Baƙo ya gaje wurina. An kawo wasu shida irinsa, kuma an ce su ba sai an koya musu ba, abin da ɗaya ya sani duk sun sani. Wurin zura ƙarfe ne kawai har yanzu sai mutum, saboda fallayen da maiƙo suke zuwa, manne da juna, yatsunsa ba su iya raba su ba tukuna. Da Bahago ya tafi sai aka nemi mai jini a jika, mai dogon hannu. Na san Dogo ya riga ya rubuto maka yana murna an ƙara masa girma. Wurin Bahago aka ba shi, wato wurinka na da.

Ranar farko na gan shi ya zura falle, ya ɗaga hannuwa biyu a buɗe yadda ka koya masa, yana murmushi. Kafin ya gama ɗagawa Giwa ta riga ta sauko. Shekaranjiya kuma falle ya karkace, ya mai da hannu zai gyara. Giwa ta ɗauke masa kan safar hannu, daidai bakin yatsan tsakiya, kamar an sa almakashi. Fatar ba ta taɓu ba. Ya zo yana nuna min yana dariya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga dalilin da na ce ba zan rubuta ba. Bayan hatsarinka kamfani ya kafa wa Giwa idon tsaro, wani haske ne a bakinta, in hannu ya gitta sai fitila ta koma ja, injin ya tsaya. Kai ka riga ka tafi, ba ka ga wahalar da ya ba mu ba. Ƙuda ya gitta ta tsaya, tururin mai ya taso ta tsaya, sau arba'in a yini, shugaban sashe kuma yana kanmu da zagi. Wata rana na ƙule, na buɗe akwatin wuta na haɗe wayoyi biyu da wata 'yar guntuwar waya wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Tun daga ranar fitilar koriya ce, ko da mutum zai kwanta a bakin Giwa. Ni da Bahago kaɗai muka sani. Ba mu damu ba, muna da nuna goma, mun fi yarda da idonmu a kan idon kamfani. Shi ya sa na ji tsoron Injiniya ta ga muna ɗaga hannu ta tambayi amfaninsa, tunda ga fitila.

Yanzu Baƙo abu biyu ya sani: fitila koriya ce, ƙidaya ta kai huɗu. Na farkon ƙaryata ce, na biyun ma ni na koya masa. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni nawa ban san ma ina ginawa ba, ga shi ɗanka ne tsaye a bakinsa.

Gobe zan je wurin Manaja in faɗi komai. Kada ka gaya wa matarmu tukuna. Ka yafe min in za ka iya.

Ƙaninka,
Auta


Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da kai ba ka gaishe ni ba. Ina fata jikinka lafiya. Takardarka ta iso, layi uku. Ka tambaya ko gaskiya ne abin da Dogo ya faɗa, cewa ni na sa aka kore shi na kuma karɓe wurinsa. Gaskiya ne. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Na fara neman Injiniya, aka ce ta wuce wata masana'anta kafa wasu irin Baƙo. Lambar da ta bar min kuwa murya ce kawai ke amsawa, tana ce min in danna ɗaya. Sai na hau wurin Manaja. Ya saurare ni yana latsa waya. Ya ce shekara goma sha tara babu hatsari a kan Giwa, takarda ta shaida, wannan wata sabuwar dabara ce ta tsofaffi don a tsayar da Baƙo. Na roƙe shi ya sauko. A gaban idonsa na ɗauki sandar tsintsiya na zura a bakin Giwa. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba, sandar ta koma gari.

Ya daɗe yana kallon garin katakon, har na ɗauka shi ke nan. Sai ya ja ni gefe ya sassauta murya. Ya ce masu Baƙo sun rufe akwatin wutar sun buga masa hatimi, ba mai ikon buɗewa sai su, in an taɓa kuwa sun cire hannunsu daga komai. Ya ce zai rubuta musu, amma ba sa zuwa sai ƙarshen shekara, ga kuma odar kaya da dole ta fita. Daga ƙarshe ya tuna min cewa wanda ya sa wayar shi hukuma za ta fara tambaya. Ya sa aka share wurin, aka ci gaba da aiki.

Na sami Dogo na gaya masa komai, ban rage ba. Na roƙe shi ya nemi a mai da shi sito. Ya ce sito ya riga ya koma hannun 'yan'uwan Baƙo, babu wurin komawa, ga haihuwa ta matso. Ya ce shi hannunsa da sauri, mu tsofaffi ne ko inuwarmu tsoro take ba mu. Taurin kan nan, Yaya, ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Sai na yi abin da na yi. Kwana tara ina zaune a teburin duba kaya, duk ƙofar da ta zo a lotse in rubuta laifin mai zura ƙarfe ne. Sau biyu ma ni na lotsa lafiyayyu da gwiwata. Yaron da na ɗauka a wuyana, na yi masa ƙarya da rubutun hannuna har aka kore shi. Ranar da zai fita ya tsaya gaban teburina, ya ajiye min safar nan mai yankakken kai ya wuce. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, amma gara ya tsane ni da yatsunsa goma.

Washegari na nemi wurin, Manaja ya ba ni jiki na rawa. Kada ka ɗauka jarumta ce. Ni kaɗai ne zan iya tsayawa a can. Kowa in ya dubi Baƙo ƙarfe yake gani, ni kuwa kaina nake gani. Ba na kallon fitila, ba na kallon Giwa, kafaɗarsa ta hagu nake kallo. Da ta fara sauka sai in janye, ko falle ya daidaita ko bai daidaita ba. Tsakanin saukar kafaɗa da saukar Giwa akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido biyu, kuma ya ishe ni, sau ɗari tara a yini. Ciwon gwiwar da na daɗe ina tsine wa, shi ne yau yake tsare min hannuwa.

Maiɗakina ba ta san komai ba, ta ɗauka ƙarin girma ne. Ka ba matarmu haƙuri, na san sunana ma ba ta son ji.

Ƙaninka duk da haka,
Auta


Asabar

Yayana,

Assalamu alaikum. Na gode da ka buɗe takardarka da gaisuwa wannan karon, sau uku na karanta wurin. Ina fata kuna lafiya. Barka da samun jika, Allah ya raya ta, ya ba uwar lafiya. Dogo bai aiko min ba, a takardarka na gani, ban kuma yi fushi ba.

Ka ce in ajiye aikin in taho. Na kwana biyu ina juya maganar. Kullum da safe akwai layin masu neman aiki a bakin ƙofa, ina wuce su ina sunkuyar da kai, cikinsu har da surukin Bahago. In na tafi, kafin rana ta yi tsaka an sa ɗaya daga cikinsu. Shi bai san zancen kafaɗa ba, zai ga fitila koriya ya yarda da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba zan bar ɗan wani ya jiƙe a madadina ba.

Jiya an liƙa sanarwa a allo. Masu Baƙo za su yi masa gyara ranar Litinin da safe. Ba wanda zai zo, daga can inda suke za su turo gyaran. Akwatin wuta yana buƙatar mutum da sukundireba, shi ya sa zai jira ƙarshen shekara, wannan kuwa ba ya buƙatar kowa. Sanarwar ta ce sun yi nazarin aikinsa, sun gano akwai motsi marar amfani da ya kwaso daga ma'aikacin da ya koya masa, za a goge don aiki ya ƙara sauri. Ba su faɗi wane motsi ba ne. Ni na san jikina, Yaya, guda ɗaya ne tak.

Na koma wurin Manaja, sakatariyarsa ta ce ya yi tafiya. Na zauna na rubuta wa hukumar da ke kula da masana'antu komai, da sunana da abin da na aikata, na kai da ƙafata. An karɓa an buga hatimi, an ce in saurari kira. Ranar Litinin zan shiga. Zan koma wa ƙidaya, in janye a kan uku, in har ita ma ba su taɓa ta ba. Ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka nema min gafarar Dogo idan ya huce. Ka ce wa matarmu mijinta na gaske ya janye takara, ta riƙe tsohonta da kyau.

Ka juya takardun nan biyu ka duba bayansu. Hannun hagun ni na zana, na ɗora shi na bi gefensa da biro. Na daman kuma maiɗakina ce ta zana min, tana dariya tana tambaya ko yarinta ce ta dawo min. Shekara goma sha tara ni ake nuna wa goma, yanzu da ya kamata in nuna, wanda nake fuskanta ba ya dubawa. Kai ka koya mana, don haka kai nake nuna wa. Ka ƙirga da idonka, Yaya, ka adana min su.

Wassalam.

Ƙaninka,
Auta